Kowa da Gem Ɗin Sana'arsa

Tun da aka haifi Dubu-Goma ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. In ka tambaye shi waya nawa ya gyara, dubu goma ne. Mutum nawa ya koya wa kwamfuta, dubu goma. Makaranta kuwa saura shekara ɗaya ya gama ya yi mata sallama, wai don ya lura malamai sun fara jan shi gefe suna yi masa tambayoyi a ɓoye, shi kuma ba ya son kunyata manya.

Ana nan sai mahaifinsa, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo da talabijin a shagonsa na bakin titi, ya ce idonsa ya gaji. Zai ajiye aiki ya ba da makullin shago. 'Ya'ya biyu suka rage masa a gida, Dubu-Goma da ƙanwarsa Auta, kuma kowannensu gidan gem, wato wasan bidiyo, yake son buɗewa a wurin. Auta tana da akwatin gem irin wanda ake jona wa talabijin, da hannu biyu na bugawa. Dubu-Goma yana da kwamfuta uku da ya harhaɗa daga gawarwakin kwamfutocin ofis.

"Baba, wannan ai ba abin shawara ba ne," in ji Dubu-Goma, yana kaɗa ƙafa. "Akwatin yarinyar nan me ke cikinsa? Ƙwallo, dambe, tsere. Tsere, dambe, ƙwallo. In ka gaji ka koma ƙwallo. Kwamfuta kuwa duniya ce guda. Akwai gem na noma, akwai na jan jirgin ƙasa, na gina gari, na fiɗa a asibiti, na kamun kifi. Akwai ma wanda za ka zama kunkuru."

"Kunkuru?" in ji Baba. "Ka yi me?"

"Ka yi ta tafiya a hankali."

"Wannan ai ba sai ka kunna kwamfuta ba, Yaya," in ji Auta. "Aike kawai za a yi maka."

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ɗauko alli ya ja layi daga bakin ƙofa har bangon ƙurya, ya raba shagon biyu. Ya ce ranar Asabar kowa ya shirya kayansa a ɓangarensa. Ƙarfe biyar na yamma zai tashi ya ƙirga kawuna. Wanda mutane suka fi yawa a wajensa, makulli nasa ne.

Dubu-Goma ya kwana uku yana tufka dabara, kuma da ya gama shi kansa sai da ya ji tsoron basirarsa. Auta samari za ta samu, 'yan ƙwallo. Shi kuwa manyan layin zai kawo, masu sana'a, ya zaunar da kowa gaban gem ɗin sana'arsa. Wa zai ƙi abin da ya fi kowa iyawa? Ya bi layi shago-shago yana gayyata, yana rantsuwa cewa wanda ya zauna sai an ɗaga shi da ƙarfi.

Ranar Asabar ya rataya ƙyalle a ƙofa: GEM IRI DUBU GOMA, KOWA DA NASA. Kwamfuta ta uku ba ta da murfin gefe, saboda haka ya girka mata fanka tana hura mata iska cikin hanji. A ɗaya ɓangaren Auta ta ajiye talabijin da benci ɗaya, ta zauna tana yanke farce. Baba ya ja kujerarsa ƙurya, daidai kan layin alli. Mai aski na shagon maƙwabta, wanda ba a gayyata ba, ya zo ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu.

Direba ne ya fara isowa, da tawul a wuya. Shekara ashirin da takwas yana jan tirela, kuma Asabar ce kaɗai ranar hutunsa. Dubu-Goma ya zaunar da shi ya kunna. Sai ga tirela ja fes a allo, tana tsaye cikin gareji.

"Ina sitiyari?" in ji Direba.

"Ga shi nan, Oga, a kan kibod. Wannan harafin hagu ne, wannan dama, wannan gaba, wannan baya."

"Da harafi ake jan tirela yanzu?"

"Nan gaba duk haka za a koma. Ni dai na riga kowa sani."

Direba ya ɗora yatsa mai kaurin taɓarya, ya danne harafi uku a lokaci guda. Tirela ta zabura da baya ta ɗauke ƙofar gareji, ta yi kwana ta kwantar da fitilar titi. Wata murya ta mace, mai sanyi, ta yi magana daga sifika.

"Me ta ce?"

"Wai an ɗan rage maka maki, Oga. Kaɗan."

"A kan me?"

"Ƙofar."

"Wa ya ce su sa ƙofa a bayan mota?"

"Oga Direba," in ji mai aski daga bakin ƙofa, "ashe haka kake fita da safe? Shi ya sa mai walda ba ya rabo da garejinku."

Masu wucewa biyu suka tsaya. Da ƙyar tirela ta hau titi, ƙofar gareji na biye da ita tana tartsatsi. Direba ya nemi oda, ya same ta, ya danne bai sake ɗagawa ba. Ya sha gaban bas a kan kwana, muryar ta yi magana. Ya juya babu sigina, ta yi magana. Ya iso danja ta nuna ja, ya duba hagu ya duba dama, babu ko keke, ya wuce. Ta yi magana.

"Babu kowa a hanyar nan! Wa ya gan ni?"

"Kwamfuta tana gani, Oga."

"To wallahi munafuka ce."

Ana cikin haka Iya mai abinci ta shigo tana goge hannu da zani. Shekara ashirin ita ke ciyar da layin nan, kuma ba a taɓa mayar mata da kwano da saura ba. Dubu-Goma ya tare ta da rawar jiki ya kai ta kwamfuta ta biyu. Ga kicin fari tas, ga tukwane na sheƙi, ga mutane sun yi layi kowa da ɗan agogo a saman kansa.

"Iya, naki ya fi na kowa sauƙi. Kin ga an rubuta gishiri giram biyar. Ki riƙe maus ki danna, in ya kai biyar ki saki."

"Giram? Yaro, ni hannuna ne ma'auni."

Ta danna, ta lumshe ido tana jiran hannunta ya gaya mata ya isa. Hannu bai ji komai ba, don babu gishiri a cikinsa. Sai da gwangwanin ya ƙare tas cikin tukunya. Mutumin farko ya ɗanɗana, fuskarsa ta koma kore, ya juya ya fita. Tauraro ɗaya ya bayyana a allo.

"Wannan tauraron fa?"

"Yabo ne, Iya. Wai ke tauraruwa ce."

"Cikin biyar ne, Iya," in ji mai aski. "Ɗaya ya ba ki cikin biyar."

Iya ta gyara zama. "Kira min shi."

"Iya, zane ne fa."

"Zane ya ci abincina ya yatsine fuska? Kira min shi ya maimaita a gabana. Ubansa ne ya saya min gishirin?"

Kafin ta gama faɗa da wanda ya tafi, mai ya kama wuta a cikin allo, kicin ya turnuƙe, sauran masu layi suka watse da hayaƙi a ka. 'Yan kallo sun kai goma yanzu, duk a ɓangaren Dubu-Goma, suna riƙe ciki.

Na uku shi ne Kawu Magini, dattijo marar hayaniya, wanda ake cewa ginin da ya yi ko guduma sai ta yi shawara kafin ta taɓa shi. Shi aka ba kwamfuta mai fanka, da gem na gina gari. Fili ne kore shar, kogi na ratsa shi.

"Kawu, danna nan."

Ya danna. Gida mai hawa biyu ya tsiro kamar naman kaza, har da labule a taga.

Kawu Magini ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ina tushe?"

"Ba a buƙata, Kawu."

"Ba a haƙa ba, ba a zuba kankare ba, ba a jira ya bushe ba. Wane marar tsoron Allah ne zai sa mutane a cikin wannan?"

"Ai har sun shiga. Ka ga yara can a baranda."

"Innalillahi! Fitar da su! Ina abin rushewa?"

Ya rushe gidan, ya tabbatar kowa ya fita. Sannan ya shata wuri ɗaya a filin, ya ce nan ya zuba tushe a zuciyarsa, kuma ba zai ɗora ko bulo ɗaya ba sai ya bushe. Ya harɗe hannu ya zuba wa ciyawa ido. Fanka tana kaɗa masa iska.

Wajen ƙarfe biyu, Dubu-Goma ya ƙirga da gefen ido. Wajen Auta samari huɗu ne suna buga ƙwallo. Wajensa mutum ya fi ashirin, har wasu sun hau kan tsofaffin talabijin don su hango. Ya taka har bakin layin alli, hannu a aljihu.

"Auta, kada ki damu. In na karɓi makulli zan ba ki aikin shara. Ba na mance 'yan'uwa."

"Na gode, Yaya. Duba bayanka."

Direba ne ya miƙe yana yarfa tawul. "Kwana shida ina kan hanya, bayana kamar an daka. Rana ɗaya da zan miƙe ƙafa, ka sake ɗora ni a mota, kuma ka haɗa ni da mace tana kai ƙarata kowane kwana. Na tafi."

"Ni ma," in ji Iya. "Na baro wuta a rumfa na zo hutawa, na tarar da wadda ta fi ta."

Dubu-Goma ya dubi taron. In waɗannan biyun suka fita, 'yan kallo za su bi su, don ba ciyawar Kawu Magini suka zo gani ba. Sai wata dabara ta faɗo masa, ya tare ƙofa.

"Tsaya, tsaya! Wannan duk gwaji ne na farko, dama haka na tsara. Yanzu za a shiga ainihin wasan. Oga, koma kicin. Iya, hau mota."

Don a ga ƙarshen abin, suka yarda. To, a nan ne abin mamaki ya faru. Iya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, saboda haka ta ja tirelar nan kamar mai ɗauke da tukunyar miya cike a ka. Danja ta nuna ja, ta tsaya har da gaishe ta. Ta ba da sigina tun kwana na nesa. Wata tsohuwa ta zo tsallakawa, ta jira ta. Muryar nan ba ta ce uffan ba. Da ta iso inda za a sauke kaya, ta shigar da tirela da baya tsakanin layi biyu, sau ɗaya tak. Allo ya cika da walƙiya da kiɗa.

Shi kuwa Direba ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba, don haka abin da aka rubuta shi yake yi. Giram biyar, giram biyar. Minti uku, minti uku. Ya fito da harshe gefe yana juya tukunya a tsanake. Mutumin nan mai koriyar fuska ya dawo, ya ɗanɗana, zukata jajaye suka tashi a saman kansa. Tauraro biyar.

Su biyun har sun fara murmushi. Da Dubu-Goma ya yi shiru a nan, da yau wani labarin ake bayarwa. Amma shiru ba ya cikin kayan da aka haife shi da su. Ya haye kan kujera, ya kewaye baki da tafin hannu, ya fuskanci titi.

"Jama'a ku zo ku gani! Kwamfuta ba ta ƙarya! Ta auna ta tabbatar: Iya ta fi Oga Direba tuƙi, Oga Direba ya fi Iya girki!"

Iya da Direba suka juyo tare.

"Wa ya fi wa?" in ji Iya a hankali.

"Tuƙi?" in ji Direba. "Wannan rarrafen? Tafiyar da ta yi a awa guda ni minti goma ne."

"Da ƙofar gareji a bayanka."

"Ke kuma ashe shekara ashirin gishiri kike ɗura mana. Shi ya sa likita ya ce jinina ya hau."

"Jininka ya hau? Kai da kake lashe kwano har sai na duba ko an wanke? Daga yau in ka sake zama a bencina, da ludayi zan tashe ka!"

"Ni ma in na sake ɗauko miki buhu daga kasuwa, a canza min suna!"

"A gaskiya," in ji mai aski, "ni na ga tauraro biyar da idona. Na kuma ga fakin."

"Rufe mana baki!" suka ce tare.

Iya ta zare kibod ta ɗaga sama. Direba ya kamo maus ta waya yana juya shi kamar majajjawa. Dubu-Goma ya shiga tsakani yana ba da haƙuri, yana bayanin cewa akwai gem na sulhu tsakanin ƙasashe, in za su ba shi minti arba'in ya koya musu dokokinsa. Maus ya same shi a kunne.

Sai ga Auta a bakin layin alli, hannun gem ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Iya, Oga, in duka kuke so, ga inda ake yi ba a fasa kai. Wannan maɓallin naushi, wannan shuri. Karatun ke nan duka."

Iya ta dubi Direba. Direba ya dubi Iya. Ta ajiye kibod, ya saki maus, suka tsallaka layi. Samarin nan huɗu suka tashi suka ba su benci. 'Yan kallo suka juya gaba ɗaya kamar an karkata tire.

Dubu-Goma ya tsaya kan alli ya ware hannuwa. "Ina za ku? Dambe ne kawai a can! Nan akwai na tuƙin jirgin sama! Akwai na kiwon zuma! Akwai wanda za ka zama shugaban ƙasa, ka naɗa ministoci!" Mutane suka riƙa sunkuyawa ta ƙarƙashin hammatarsa suna wucewa, wani ma har da ce masa sannu.

A talabijin, Iya ta zaɓi wani ƙato mai gemu, Direba ya zaɓi siriri mai tsalle. Iya ba ta tsaya bambance naushi da shuri ba, ta haɗa duka maɓallan ta riƙa murza su kamar tana ƙulla ƙullu. Ƙaton ya ɗaga siririn ya juya shi sau uku ya maka da ƙasa. Ihun da aka yi sai da tsofaffin rediyon Baba suka amsa.

"A sake!" in ji Direba. "Hannun nan yana da santsi!"

Aka sake, ya rama. Aka sake, ta rama. Kafin zagaye na biyar su biyun suna dariya har da hawaye, tana ce masa gobe ya zo akwai nama, yana ce mata buhu nawa za a ɗauko. Mutane suka kama layi, kowa da wanda yake son ya daka: tela da mai guga, mai shayi da ƙaninsa.

Biyar saura minti goma, mutum ɗaya ya rage wa Dubu-Goma. Kawu Magini ne, kai a kan ƙirji, yana minshari gaban ciyawarsa. Dubu-Goma ya karkato masa fanka sosai, ya tsaya a kansa yana yi wa masu ihu alama su rage murya.

Ƙarfe biyar Baba ya miƙe, ya ƙirga ɓangaren Auta da sandarsa. Ashirin da bakwai. Ya juyo.

"Ɗaya."

"Biyu, Baba. Da ni."

"Kai ba baƙo ba ne."

"To amma a duba inganci. Wannan ɗayan tun safe bai motsa ba. Wa ya zauna awa shida a wajen Auta?"

Daidai nan Kawu Magini ya buɗe ido ya gyara tabarau. "Ya bushe?" Ya leƙa allo. Filin ya yi duhu, ga wani jan rubutu a tsakiya. "Me aka rubuta nan?"

Dubu-Goma ya buɗe baki, amma mai aski ya riga shi. "Wai an sallame ka daga aiki, Kawu. Shekara hamsin ta wuce a garin, ba ka gina ko bandaki ba."

"Ni? Ni da na ceci rayukansu?" Kawu Magini ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tsallaka alli da nutsuwa. "'Yata, a sa ni a layi. Ki zaɓo min wanda ya fi kowa ƙarfi."

Baba ya dubi kujeru uku da fanka. "Babu," ya ce. Ya zaro makulli daga aljihu ya sa a tafin Auta. Aka yi tafi, Iya ta rangaɗa guɗa ba ta saki hannun gem ba.

Dubu-Goma ya durƙusa yana naɗe wayoyi, kunne na zafi. Auta ta zo ta tsaya a kansa tana kaɗa makulli.

"Yaya, kada ka kwashe. Ka matsar da su bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo ya fara zama wajenka minti goma, ka ba shi gem ɗin sana'arsa. In ransa ya gama ɓaci, ka miƙo min shi."

Dubu-Goma ya yi shiru na daƙiƙa uku, wanda shi ne mafi tsawo a tarihinsa. Sannan ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya fuskanci jama'a.

"Kun ji da kunnenku. Dama tsarin ke nan tun farko, ni na bar ta ta faɗa don ta samu ƙwarin gwiwa. Ashirin da bakwai ɗin nan wa ya tara su? Wa ya dafa su har suka nuna?"

"To Shugaba," in ji mai aski yana dariya, "a cikin dubu goman nan akwai na aski?"

Idon Dubu-Goma ya kawo haske. Ya jawo kujera ya kakkaɓe ta da hannun riga.

"Zauna."

Auta ta juya ta ce wa na kan benci su ɗan matsa, a bar wurin mutum ɗaya.